Littattafan da Yaya Ta Soke da Fil

Har yau akwai masu cewa wai Yaya taɓin hankali ne da ita. Masu faɗin haka ba su taɓa gama karanta ko takardar magani ba, kuma yawancinsu ita ta yi musu facin wando kyauta. Su ci gaba da faɗa, bakinsu ne.

Tela ce a ɗakin wanki na asibiti, can ƙasa kusa da injin tururi, inda babu ko taga. Tun tana budurwa har ta yi furfura aikinta ke nan, facin zanen gado da mayar da maɓallan rigunan nas. Fil ba ya barin bakinta, irin mai jan kan nan, da shi take magana, da shi take masifa. In an tashi hutun rana sauran mata su baje hira, ita ta juya musu baya ta buɗe littafin soyayya.

Ba kowanne take karantawa ba. Na zamanin da take so, irin wanda namiji zai hau jirgin ruwa ya tafi, mace ta tsufa a bakin ƙofa. Na zamani kuwa ko a hannun wani ta hango sai ta ja tsaki. Tsakin Yaya sananne ne, dogo, kamar ana yaga sabon yadi.

Ƙanwarta, wadda har ta aurar da 'ya'ya ba a daina ce mata Auta ba, na zamani ne nata. A kan wannan musu suka tsufa.

"Yaya, gwada wannan ɗaya tak. Yarinyar ma'aikaciyar banki ce."

"Saurayin ya ɓace mata?"

"A'a, sun ɗan yi faɗa dai."

"Sai ya kira ta a waya, ya sayo mata jaka, suka shirya. Kwashe min tarkacenki. Mutanen da ba su taɓa jiran juna ba, me suka sani?"

"Naki fa? Kowa tari, kowa zazzaɓi, wanka sai shekara."

"Dattinsu ya fi turaren naki, uwar son jiki."

Abin da ya jawo mata sunan mai taɓi shi ne ba ta karanta ƙarshen littafi. Wanda bai yi mata ba takan kai shi har shafin ƙarshe, ta ce su je can su ƙarata. Amma in ya shiga ranta, tana isa babin ƙarshe sai ta zare fil daga baki, ta haɗe shafukan ta soke su.

"In na karanta sun tafi ke nan," in ji ta. "Yanzu kuwa suna nan ciki suna harkarsu."

Ta fara haka ne a shekarar da mijinta, direban babbar mota, ya fita da kaya, ba shi ba motar. Dangi suka taru su ba ta haƙuri, ta ce wanda ya ga gawa ya yi magana. Ba wanda ya yi. Ta reni ɗanta ita kaɗai da keken ɗinki, kantar ɗakinta kuma ta cika da littattafai, kowanne da jan kan fil yana leƙowa.

A kan keken nan ta faɗi. Jiki ya shanye, magana ta ɗauke, ido a buɗe yana kallon silin. Likita ya ce 'yan kwanaki ne suka rage, sai ga watanni suna wucewa. Auta ta tattaro kayanta ta tare, ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta, ita ke ɗura mata shayi da cokali. Ɗan Yaya, wanda ake kira Injiniya, yakan zo ranar hutu ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, kamar ya zo duba rufin da ke yoyo.

Ya ce wa Auta, "Inna, littattafan nan a zubar mana. Kyankyasai kawai suke tarawa. Ita ai ba ta san inda take ba."

"Kai ka san inda kake? Taɓa ɗaya ka gani, ɗan nema."

Da rana tsaka abin ya fara. Auta ta fita shanya, ta dawo ta tarar da fil a cikin ɗan farantin kofin shayi. Ta waiga wajen kantar littattafai, littafi ɗaya ya ɗan turo kai daga layi. Ta zaro shi. Shafukan ƙarshe a sake, ga hujin fil da tsatsa a gefensa, kuma kusurwar shafin da danshi. Yaya ba ta taɓa juya shafi ba sai ta lashi yatsa.

Hannun Yaya na nan yadda Auta ta ajiye shi a kan matashi. Ƙofa ɗaya ce, kuma a bakinta Auta ta yi shanyar. Abu ɗaya ne ya canja: idon ya bar silin, ya koma kan kantar littattafan.

Ta mayar da fil ɗin ta sake soke shafukan. Washegari ta shiga kicin ɗora ruwa, ta fito ta tarar da biyu a faranti, na jiya da wani.

Haka aka ci gaba. Ba ta taɓa ganin komai ba, ko ƙarar takarda ba ta taɓa ji ba. Ta gwada zama ta tsare kantar da ido, sai fitsari ya matse ta, ta dawo ta ga faranti ya ƙaru. In ta ɗaga Yaya za ta canja mata zane, sai ta ji ta fi jiya sauƙin ɗauka. Ba sai an yi mata bayani ba. Yaya na sallamar mutanenta ne ɗaya bayan ɗaya, in sun ƙare ita ma ta bi su.

Ran Auta ya ɓaci, ɓacin gaske. Wato duk wankin da juyin da take yi, baiwar Allah tana kwance tana haɗa kayan tafiya a gabanta! Ta ɗebo nata littattafan na zamani, ta soke musu fil, ta cusa su cikin layi don kantar ta yi auki. Da la'asar ta dawo daga zubar da shara ta same su a ƙasa, a kife, fil ɗinsu ko motsi bai yi ba.

"Ko a haka ma ba za ki bari ba?" ta ce. "Wallahi Yaya kin cika taurin kai."

Ƙarshe saura ɗaya. Tsoho ne, bangonsa ya yage, shi ta fara sokewa a shekarar direba. Auta ta ɗauke shi ta jefa a jakarta ta ja zip. Kasuwa da shi, banɗaki da shi.

Yaya ba ta mutu ba. Sai dai ta daina rufe ido, numfashinta ya koma kamar ana jan bokiti a siminti, bayanta ya fara gyambo. Duk inda jakar ta yi a ɗakin idon na biye da ita. Injiniya ya zo, karon farko ya shigo har bakin gado ya durƙusa, makullin ya faɗi daga hannunsa.

"Inna, tana shan wuya."

"Na fi ka gani."

A layin kantin magani ne Auta ta zuge jaka ta sa hannu, wani abu ya soke ta a yatsa har sai da ta yi ƙara. Fil ne, a tsaye, tsininsa sama. Ta leƙa littafin. Shafukan ƙarshe sun sake, amma kusurwarsu a bushe take, ba a juya ba tukuna. Ta bar layin ba ta sayi komai ba.

Ta jawo kujera kusa da gado, yatsa a baki.

"To, na ji. Amma wannan ba ke kaɗai za ki karanta ba."

Ta fara karantawa da ƙarfi. Matar cikin labarin na nan a bakin teku inda Yaya ta bar ta tun suna da ƙuruciya. Sai ga jirgi. Sai ga mutumin ya sauko, ko furfura babu, ya yi kuɗi, ma'aikata na biye da shi da akwatunan tsaraba. Ya ce ta yafe masa, ta yafe nan take, aka sha biki, kowa na kuka. Shi ke nan. Auta ta juya shafin ko akwai saura, babu.

Ɗakin ya yi tsit, har jan numfashin ya tsaya. Can sai ga tsaki daga kan gado, dogo, kamar ana yaga sabon yadi.

Dariya ta kufce wa Auta. "Kin gani ko? Ashe naki ma jaka ya sayo mata!"

Ta ɗago kai don ta ji amsa. Idon Yaya a rufe.

Masu zuwa gaisuwa suka zauna suna cewa ai gara haka, tun da ta faɗi ba ta ƙara sanin kowa ba. Ka ji fa, mutanen da ko sau ɗaya ba su leƙo ta ba. Auta kuwa yatsanta ya yi mako a kumbure.

Ita ce a ɗakin yanzu. Littattafan na kan kantarsu, farantin fil na nan inda yake, Injiniya bai sake maganar kyankyasai ba. Na zamaninta ba ta fasa karantawa ba, amma in za ta buɗe ɗaya sai ta ɗauki kujera ta fita baranda, ta jawo ƙofar a hankali.