Zaren Hular Kawu Ladan

Duk wanda ya san Kawu Ladan ya san zarensa. Ba ya shiga ɗaki ya zauna sai ya zaro zare guda daga bakin hularsa, ya ɗaga shi yana kallo. In zaren ya karkata, ya nemi wuri ya zauna. In ya tsaya cak, sai ya dubi mai gida ya ce, "Ina mahitatta?" Mafitar iska yake tambaya. Shi ya sa hulunansa duk suka cinye ta gefe guda.

Ƙanin mahaifiyata ne, yana gyaran fanka a Ƙofar Taramniya. Ni kuwa dillali ne, sayar da ita nake yi, don haka ba koyaushe muke shiri ba.

Lokacin da kuɗin man fetur suka shigo gari, wani Alhaji ya sayi fanka uku a hannuna, ya dawo yana kukan zafi a zaurensa. Na ɗauki ta huɗu, na tafi da Kawu ya ɗaura. Muka tarar an toshe tagogin da gilashin da ba ya buɗuwa. Kawu ya zaro zare, sai zaren ya kama juyi wuri ɗaya.

Ya ce, "Alhaji, wagga ba hihita ba ta. Zahi kaka tuƙawa kamar tuwo."

"To a ƙara ta huɗun?"

"A hwasa taga."

A hanya na ce, "Kawu, ka kashe mini ciniki."

Ya ce, "Koyi saida taga."

Shekaru suka ja, ana tsakiyar mulkin soja, na tattara kayan shagona da babur ɗina na sayar, na sayi kwamfuta guda ɗaya, na buɗe wurin buga takardu a Sabon Gari. Ba ni da komai bayanta. Babban aikina na farko daga Madam Rifkatu ya zo, wata malamar makaranta da ta ba ni takardun jarrabawar ɗalibanta. Bazara ce. Da rana ta take, sai kwamfutar ta ɗauke, ka taɓa akwatinta kamar murfin tukunya. In ta ƙone, ni da kasuwa sai kallo.

Maganin da na sani ɗaya ne: ƙarin fanka. Na sa aka liƙa mata ƙanana uku, duk suna hura iska ciki. Ba ta daina ɗaukewa ba.

Kawu ya zo ba a kira shi ba. Bai san abin da ake dannawa ba, bai kuma tambaya ba. Ya riƙe zare a gaban akwatin, ya karkata. Ya koma bayanta, zare ya yi laƙwas. Sai ya kunna turaren tsinke da yake saye wajen Hubbare, ya kara a gaba. Hayaƙi ya shige, muka jira, bai fito ba sai kaɗan-kaɗan ta tsaga.

Ya ce, "Ka tara baƙi ka kulle ƙohwa. Ta ina za su tahi gida?"

Ya juya fankokin duka ukun suna fitarwa. Ta yi sanyi, na yi murna. Amma ba a daɗe ba ta koma ɗaukewa. Da muka buɗe, cikinta fal ƙurar titi, don ta kowace kafa take zuƙa.

Na ce, "Kawu, wannan karon ka yi kuskure."

"Ban yi ba. Iskat ta ba ta gaya mani niyyatta ba."

Ya sake duban akwatin, sannan ya mayar da biyu suna shigarwa ta gaba, ɗaya tana fitarwa ta baya. Ya ce mai shiga ta ɗan fi mai fita, ita za ta tura ƙura waje. Ya zaro wani farin ƙyalle daga aljihu ya ɗaure a gaban, ya kafa mini sharaɗin wanke shi duk Juma'a.

Da la'asar sai ga matarsa, Inna Hajo, a bakin shago.

"Malam, ina matacin kokona?"

Bai ko ɗago ba, ya ce, "An yi mai ƙarin girma."

Takardu suka fita a kan lokaci. Ƙorafin Madam Rifkatu ɗaya ne, wai da yara suka ji ƙanshin turare a takardun, sun tambaye ta ko a ɗakin amarya aka buga jarrabawar.

Ranar da Kawu ya rasu, zaure ya cika da masu ta'aziyya, kowa yana gumi. Sai wani dattijo ya tashi ya buɗe ƙofar baya. A nan hawaye ya zo mini.

In na yi lissafi, na yi asarar cinikin fanka ɗaya, Inna Hajo ta yi asarar mataci, na ci ribar shagon da ya ciyar da iyalina. Kawu ne kawai ban sami abin mayarwa a gurbinsa ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ladan, ya yalwata masa makwanci, ya buɗe masa taga daga Aljanna, iskarta ta riƙa kaɗa masa zare har ranar tashi.