Ragon dutsen Saminu

Jiya da la'asar a gidanmu na unguwar Zariya, ƙanena Saminu ya ajiye wani ƙaho a tabarma, yana ba mu labarin duwatsun Abzin.

Kwana goma ya yi ba ya nan. Ya bar ni da girbin gero a gonarmu ta Tsibiri ni kaɗai, wai abokai sun ja shi yawon hawan dutse. Ya ce sun kwana a kogo, sun sha ruwan idon dutse, har ya ga ragunan dutse suna tsalle inda ko akuya ba ta iya taka. Ƙahon kuma wai can ya tsince shi.

Hoto fa? Wai salularsa ta mutu tun ranar farko. Na dubi ƙafarsa, sumul, ko kaushi babu.

Kawunmu na Jiratawa, wanda ya yi farauta shekara da shekaru, ya ɗauki ƙahon ya shinshina.

"Saminu, su ragunan Abzin da kansu suke yi ma kansu babbaka?"

"Kawu, zafin rana ne na can."

Sai na karɓa na juya shi. Tsinin a yanke yake, yankan zarto. Ni na yanke shi da hannuna, don ragon layyarmu na bana ya addabi kowa da tunkuyi.

Na miƙa mashi kayansa.

Jama'a, Abzin dai bai je ba. To ina mutumin nan ya kwana goma?