Ayube Karamat da Alkawarin da Ba Ya Wuce Janyewar Teku

Na Allah muke, kuma gare Shi kowane mai rai zai koma. Da hantsin ranar Litinin, ashirin da tara ga Disamba, cikin watan Rajab mai alfarma, Allah Ya karɓi ran ɗan'uwana a Musulunci, Ayube Karamat, mai tsaron ƙofar ruwa ta ƙauyenmu da ke bakin teku a yankin Essequibo, bayan gajeriyar jinya. Washegari na sallace shi, muka raka shi makwancinsa.

Ya Ayube, masu faɗin alheranka suna da yawa. Matan da mazansu suka rasu za su tuna kifin da kake rataye musu a ƙofa ba tare da ka tsaya an gode maka ba, mu kuma mutanen masallaci muna ƙarƙashin rufin da ka gyara da hannunka. Ni abin da zan ambata daban ne, domin ya shafi wata tambaya da ta daɗe tana ɗaure mini kai.

Ranar ƙarshen shekara kowane gida yakan ɗora dafa-dukan shinkafa da wake da madarar kwakwa, don kada sabuwar shekara ta tarar da tukunya babu komai. A bakin tukunyar nan mutane kan ɗauki alkawura: wannan zai bar taba, wancan zai lazimci asuba cikin jam'i. Da gaske suke yi, na ga hawayen wasunsu. Amma kafin shinkafa ta fid da kai a gona, alkawarin ya mutu. Littattafai sun sanar da ni hukuncin wanda ya karya rantsuwa. Abin da nake son sani shi ne, me ke karya ta?

Nizam, mijin ƙanwarka Waheeda, yana cikin masu irin wannan alkawari. Duk ƙarshen shekara sai ya fasa kwalbar giya a jikin katangar teku, jama'a su tafa masa, ba a daɗewa sai ya koma shagon giya. Da Waheeda ta gaji, ta kwashi 'ya'yanta ta koma gidanka, ta ce kunnenta ya cika da rantsuwa. A safiyar sabuwar shekarar bara waccan ya same mu, ni da kai, a barandar masallaci, idanunsa jajur. Ya kira ni da sunan da ake kiran liman a nan, ya ce:

"Meji, ɗauko Alƙur'ani in dafa. Wallahi daga yau har in mutu..."

Ka tari numfashinsa: "Kai, rufa mana asiri! Har ka mutu? Kai da ba ka iya jiran shayi ya huce? Bar wa Meji littafinsa. Yaushe teku zai janye yau?"

"Bayan la'asar, Bhai," in ji Nizam, wato yaya.

"To riƙe bakinka zuwa bayan la'asar kawai, ka zo ka kama mini hannun ƙarfen ɗaga ƙofar ruwan nan. Kafaɗata ta tsufa. Abin da ya biyo baya, kai da Ubangijinka."

Kowa ya san nauyin aikin nan. Ƙasarmu tana ƙasa da teku. Idan ya janye ba a ɗaga ƙofar ba, ruwan sama ya kwanta a gonaki. Idan ya dawo ba a sauke ta ba, ruwan gishiri ya ƙone shinkafar gari. Lokacin kuma kullum sai ya gusa, don haka babu sa'ar da mutum zai ce tasa ce ya bugu a cikinta. Nizam ya zo bayan la'asar. Da kuka gama sai ka gaya masa lokacin ruwa na gaba, ba ka ƙara ko kalma ba.

Na tambaye ka daga baya, me ya sa ka hana shi rantsuwar? Ka yi dariya ka ce: "Meji, wanda ya yi wa shekara alkawari, wa zai tsaya yana duba hanya yana jiransa? Ni kuwa ina tsaye, ruwa na tahowa, kuma ya san ina tsaye."

Bai tafi sumul ba. Ranar wani biki ya zo yana tangaɗi. Ba ka tsawata masa ba. Ka zaunar da shi a kan gada, ka kira wani mai wucewa ya kama maka, sannan ka ce masa: "Wannan ruwan ya wuce ka. Na gobe da safe naka ne." Na daɗe ina juya wannan magana. Mai alkawarin shekara idan ya faɗi sau ɗaya sai ya ce shekarar ta ɓaci, bari wata ta zo, kuma jinkirta tuba tsohon tarkon Shaiɗan ne. Sai na lura cewa Mahaliccinmu bai tara mana sallar shekara a yini guda ba. Ya rarraba ta, Ya sa mai kira ya kira mu, Ya bar ƙofa a buɗe ga wanda ya makara.

Da Babbar Sallar da ta wuce Waheeda ta koma ɗakinta, ba tare da an dafa mata Alƙur'ani ba. Amma ranar da muka binne ka, ta tare ni a bakin hanya ta ce: "Meji, yayana ne ke riƙe da shi. Idan ya koma shagon nan, na tafi ke nan, kuma yanzu ba ni da gidan da zan jira shi."

Washegari ita ce ranar ƙarshen shekara. Da yamma shagon ya cika, kiɗa na tashi. Da idona na ga Nizam ya doshi wurin ya shiga. Waheeda tana tsaye a ƙofar gidansu da ludayi a hannu, ba ta ko motsi. Can sai ga shi ya fito yana jan Bisram, tsohon abokin shansa, wanda ke rungume da kwalba yana ihu:

"Sake ni, mahaukaci! Yau fa ranar ƙarshen shekara ce!"

"Ajiye ta, ɗan banza, ba gudu za ta yi ba. Ƙarfen nan ba ya juyuwa da mutum ɗaya. Zuwa magariba kawai!"

Ban san abin da gobe za ta zo da shi ba, Allah ne Masani. Amma an sauke ƙofar kafin ruwa ya iso, Waheeda kuma ta juya ta koma kan tukunyarta.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Ayube, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka tabbatar da shi wurin tambaya, Ka gudanar masa da ladan duk wanda ya shiryu ta hannunsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Bibi Safura, da 'ya'yansa, da Waheeda da mijinta. Allah Ya ba ku haƙuri mai kyau, mu kuma Ya sa ƙarshenmu ya fi farkonmu. Amin.