Hular Kawu Sannu-Sannu

Kawuna direban shata ne. Ba irin masu lodi a tasha ba. Babbar bas ta kamfani yake ja, wadda 'yan makaranta ko ma'aikata ko 'yan ƙwallo ke ɗauka sukutum, ya kai su, ya jira su, ya dawo da su. A gareji Sannu-Sannu suke kiransa, don ko kuka kake masa ba zai ƙara gudu ba. Yana da lasisin babbar mota, ba ya fashin awon ido da na hawan jini, kuma tun da ya fara aiki ko madubi bai taɓa fasawa ba. Wannan kam sai ya faɗa maka ko ba ka tambaya ba.

Kafin ya tayar da mota sai ya zagaye ta yana bubbuga tayoyi, ya duba mai da ruwa da birki, ya shirya kayan mutane a but ɗin motar da hannunsa. Daga nan ya kashe wayarsa ya jefa a aljihu. "Rayuka na ɗauko," in ji shi, "ba hira ba."

Ɗan abin da fasinja ke ba direba in an sauka, na shan ruwa, Kawu ba ya karɓa hannu da hannu. Hularsa yake cirewa ya ajiye kusa da ƙofa, ya sauka ya koma bayan mota yana sauke jakunkuna, don kada ya ga wanda ya saka da wanda ya wuce. A ganinsa, direban da ya tsaya bakin ƙofa yana leƙen hannun mutane ya zubar da girmansa. In kowa ya watse sai ya ninke hular ba tare da ya duba ba, ya kawo gida ya miƙa wa matarsa, wadda muke kira Inna. Ita ke buɗewa.

A hannunsu na tashi, don haka na sha kallon wannan buɗe hula. Inna takan zazzage ta a kan gado ta yi ta duba.

"Malam, yau 'yan makaranta ka ɗauko. Ga alawa har da maɓallin riga."

"To, boka. Jiya fa?"

"Jiya manya ne. Takarda ɗaya sabuwa fil, saura duk addu'a suka saka."

Ya yi dariya har da tari.

Abin da ke ran Inna ɗaya ne: ba ta taɓa shiga motar nan ba. Dokar kamfani ce, motar shata ta waɗanda suka yi shata ce, ba a rage wa kowa hanya, kuma Kawu ba ya wasa da doka ko a kan matarsa. Sai ta ce ba komai, ita ma za ta yi shatarsa. Abin hula ta riƙa adanawa, don wata rana ta ɗauki motar yini guda, ta zauna a kujerar da ke bayansa, ya kai ta bakin teku ta ga ruwan da yake ba ta labari.

"In na sauka zan saka maka na shan ruwa," ta ce, "in tuƙin ya yi mini."

Kuɗin sun isa. Manaja ya amince, har da ragi. Amma duk ranar da aka tsayar sai wani aiki ya faɗo, Kawu kuwa bai iya cewa a'a ba. "Mu na gida ne, sai mu jira," yake ce mata. Ina ƙaunar Kawu, amma wannan magana har yau haushinta nake ji. Inna ta ɗinka sabon kaya don tafiyar, suka yi ta zama a akwati.

Ranar da ya tafi kai wasu malaman makaranta taro a gari mai nisa, da hantsi Inna ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida tana shanya. Na yi ta kiran wayarsa daga asibiti, a kashe. Sai da suka tsaya cin abinci a hanya ya kunna, lokacin ta riga ta cika. Ni na faɗa masa. Sai ya ce, "Ɗiyata, akwai mutane a motar."

Babu wani direba kusa mai lasisin irin motar. Ya wanke fuska, ya kashe waya, ya ƙarasa da su sannu-sannu yadda ya saba, bai gaya wa kowa ba. Da suka sauka ya ajiye hula ya koma bayan mota. Daga baya na ji ɗaya daga cikinsu na yabonsa, wai bai taɓa ganin direba mai natsuwa irinsa ba.

Washegari ya iso, an riga an kai ta. Ya ratsa masu gaisuwa kai babu hula, ya tsaya a ƙofar ɗakinta, ya miƙa hannu ciki da hular a ninke. Ya daɗe a haka. Ni ce na janye shi, ina kuka kamar raina zai fita.

Kawu yana tuƙi har yanzu, sai dai bai sake sa hula ba, kuma fasinja kan yi ta neman inda za su ajiye masa abu su rasa. Tsohuwar hular tana cikin akwatin Inna, a kan sabon kayan nan, da nauyinta. Kwanaki ina gyara ɗakin na ɗauko ta, na ce, "Kawu, ko a buɗe a ga abin da ke ciki?"

Ya karɓe ta ya mayar inda take.

"Bar ta," ya ce. "Ba ni ke buɗewa ba."