Ranar da Nama Ya Shaƙe Suruki a Tsakiyar Darasi

Ɗalibai Ba-Wasa suke ce mata a bayan idonta, a gabanta kuwa Mama Shugaba. 'Yar direban motar asibiti ce. Ta fara aikin jinya tun tana budurwa, ta yi ɗakin haihuwa, ta yi ɗakin tiyata, har furfura ta fara leƙowa ta gefen hularta, sannan aka ba ta shugabancin makarantar koyon aikin jinya. Farce ko ɗan tsawo ya yi sai ta gani. Gadon da ba a ja zaninsa da kyau ba kuwa, sai ta yaye shi ta ce a sake.

Da hukuma ta kawo tsarin karatu ta intanet, don matan da ke aiki a ƙananan asibitoci masu nisa su ƙaro ilmi ba tare da sun bar gidajensu ba, sai da ta kai ruwa rana da mataimakinta.

"Jinya da hannu ake yin ta," in ji ta. "Ka taɓa ganin an yi wa mutum allura ta waya?"

Ba yadda ta iya, ta karɓi aji ɗaya don kada a ce ta ƙi.

Wata rana da la'asar tana ofis, fanka na juyawa, tana koyarwa kan tsabtace rauni. Fuskoki sun jeru a allon kwamfuta kamar tagogin gidan haya. Cikinsu akwai wata da 'yan aji ke kira Maman 'Yanbiyu, mace mai shiru, wadda kullum a falon gidan mijinta take zama. Can bayanta ana hango wani dattijo a kan tabarma yana cin abinci.

Shugaba na cikin magana ta ga dattijon ya miƙe zumbur, ya kama maƙogwaronsa da hannu biyu. Ba tari, ba ƙara. Bakinsa a buɗe, idanu sun firfito.

Shugaba ta daka tsawa.

"Ke Maman 'Yanbiyu! Juya! Dubi bayanki!"

Matar ta waiga ta saki salati. "Baba! Baba, mene ne?"

"Shaƙewa ya yi, ba zai iya amsa miki ba. Sunkuyar da shi, ki doki tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu. Da ƙarfi!"

Ta doka, ta sake dokawa. Shiru. Leɓɓan tsohon suka fara canza launi.

"Zagaya bayansa ki rungumo shi. Dunƙule hannu a saman cibiya, ki ja ciki da sama."

Matar ta tsaya cak. "Mama, surukina ne fa!"

"Surukin naki mutuwa zai yi a gabanki! Yanzu majinyaci ne, ke kuma nas. Kama shi!"

Ta kama shi. Ta ja sau ɗaya, ƙafarta ta bugi teburin, wayar ta kife. Tagarta a allon ta yi baƙi, sai ƙarar kwano da kukan yara, daga nan layinta ya yanke gaba ɗaya.

Shugaba ta tsinci kanta a tsaye, ta rungume kujerar ofis ta baya tana jan ta da iya ƙarfinta. Matar da ta ga jini iri-iri ba ta ko ƙifta ido ba, yau ga ta tana kokawa da kujera. Sauran ɗaliban sun yi tsuru-tsuru, wata ta toshe baki tana hawaye. Mataimakin ya shigo a guje saboda ihun da ya ji.

"Ranki ya daɗe, lafiya?"

"Kira Maman 'Yanbiyu," in ji ta. "Nemo lambarta ka kira."

Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ba wanda ya fita daga ajin.

Can sai tagar Maman 'Yanbiyu ta sake buɗewa. Ɗankwalinta ya zame, tana haki. Ta juya wayar: ga dattijon zaune jingine da bango, yana tari kamar zai amayar da hanjinsa, ga tsokar nama a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Ya fito, Mama. A ja na uku ya fito."

Shugaba ta zame ta zauna. Ta ce a kai shi asibiti a duba haƙarƙarinsa da cikinsa yau ɗin nan, ba gobe ba.

Tsohon ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika allon. Da dasasshiyar murya ya ce, "Wace ce wannan mai yi mana tsawa a cikin gida?"

"Malamarmu ce, Baba."

"To, Allah ya yi mata albarka. Ke kuma 'yar nan, ashe haka kike da ƙarfi kike barin ɗana yana ɗaukar miki buhu?"

Aji ya fashe da dariya, wasu na share ido. Shugaba ba ta yi dariyar ba, da ta isa gida ma ta kasa cin abincin da 'yarta ta ajiye mata.

Washegari ta sa aka sauya jadawali, taimakon gaggawa ya koma darasin farko ga duk mai karatu daga nesa. Ta ce kowace ɗaliba ta zo da wani babba na gidansu gaban waya a gwada a kansa. Maza da yawa sun yi gunaguni, amma sun zo. Zuwa makaranta don gwajin hannu kuwa ba ta sassauta wa kowa ba, har ta yi ritaya.