Motar da Ba Ta Son Hannun Mace

Shekarar da na gama karatu a Sakkwato na dawo Tambuwal, Baba ya yarda ya koya mini tuƙi. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada allurar agogon gudu ta wuce arba'in. Idan ta wuce, ko ya kasa ganin inda take, in miƙo makulli, magana ta ƙare.

Motar wata tsohuwar jif ce mai dogayen ƙafafu, ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita Baba yake zuwa Kebbe ɗauko hatsi, a hanyar da ramukanta suka fi shimfiɗarta yawa. Igiya ke riƙe da ƙofar baya. Duk da haka Baba yakan ce agogonta bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Ranar farko, a hanyar Jabo, allura ta tashi zuwa ashirin, ta yi rawa kamar ciyawa a bakin rafi, sannan ta kwanta a kan sifiri. Itatuwa suna wucewa, ita tana rantsuwa a tsaye muke.

"Mi kinka yi mata?" in ji Baba.

"Ban taɓa ta ba, Baba."

"To sauko."

Yana karɓar sitiyari ta miƙe, kamar mai gaida maigida. Sau uku ana haka. Kafin Juma'a majalisar ƙofar gidanmu ta yanke hukunci: motar ba ta son hannun mace. Wani dattijo da ko keke bai taɓa hawa ba shi ya fi kowa bayani a kan halin inji.

Baba ya ce za a kai ta wurin makanike sau ɗaya, in ba a ga komai ba in haƙura. Makaniken tsoho ne mai tumbi, garejinsa kusa da tasha. Ya shiga ƙarƙashin mota, ya kwance wayar da ke tashi daga giya zuwa agogo, ya wanke, ya shafa mata mai, ya tuƙa har hanyar Sanyinna ya dawo.

"Alhaji, motarka lafiya lau take," ya ce, sannan ya dube ni kamar ni ce ƙarfen da ya kamata a canja.

Suka zauna shan shayi. Ni na koma cikin mota, a inuwar darbejiya, ina lissafin abin da ya raba ni da Baba. Yana da gemu, ba ni da shi, amma ban zaci allura tana gani ba. Shi dogo ne. Ni sai na jawo kujera har ƙurya kafin ƙafata ta kai kuloci. Na jawo ta, na taka. Gwiwata ta hagu ta daki marfin gwangwanin da ke ƙarƙashin sitiyari, na ji ya lotsa a kan wani abu mai taushi.

"Baba makanike, don Allah jawo kujera gaba ka sake tuƙawa," na ce.

"Ɗiyata, da kujera na kashe agogo, ai da kafinta munka zama."

Amma ya yi, don ya ba Baba dariya. Ya cusa tumbinsa tsakanin kujera da sitiyari, gwiwoyinsa a maƙale. Bai kai bakin titi ba allura ta faɗi. Ya dawo da baya, ya ɗauko sukundireba.

Da ya cire marfin, sai ga laya kamar dunƙulen hannu, cikin jar fata, an cusa ta daidai inda waya ke shiga bayan agogo. Notin wurin ya daɗe da sakin jiki. Gwiwa ta tura marfi, marfi ya tura laya, laya ta zame waya daga bakinta. Ƙafa na janyewa, waya ta koma.

Baba ya gane ta nan take. Mahaifinsa, malami ne, Allah ya jiƙansa, shi ya sa ta da hannunsa ranar da aka sayo motar.

"Wagga ba a taɓa ta," in ji Baba.

Na ga tuƙina zai ƙare a kan abin da aka rubuta kafin a haife ni.

"Alhaji, wa ya ce a fidda ta? Matsawa za ta yi kaɗan, kamar a sahun salla," in ji makanike.

Baba ya daɗe yana kallon layar. Can ya yi bismilla, ya gusar da ita da kansa, faɗin yatsu uku. Makanike ya ɗaure noti.

Ranar kasuwa ni na kai mu Kebbe, allura tsaye cak a kan talatin. A rumfar hatsi na ji Baba yana gaya wa abokansa cewa shi tun farko ya san ba laifina ba ne, hankalina kawai yake gwadawa. Duk suka yaba wa basirarsa.

Da za mu dawo, ya zagaya ya shiga gefen fasinja. Tun ba mu fita gonakin Kebbe ba barci ya ɗauke shi, hula ta karkace, baki a buɗe. Na riƙa kauce wa ramuka ɗaya bayan ɗaya don kada ya farka.