Tsagar Kacalla a Fuskata

Sarautar gidanmu ba ta Kano ba ce, daga Barno ta zo. Kakan mahaifina Babarbare ne mai fataucin kanwa, ya sauka a Gaya da jakunansa, ya ƙarasa Kademi ya yi aure, bai koma ba. A can garinsu Kacalla ake ce masa, nan ma aka ci gaba da kiransa haka. Bai bar ɗa namiji ba, sai 'ya mace guda. Da ta haifi mahaifina, tsohon ya sa wanzami ya yi wa jaririn tsaga irin tasa, dogaye daga goshi har haɓa. Ya ce wanda ke ɗauke da wannan tsaga shi ne Kacalla bayansa.

Sarauta ce da ba ta da ƙasa, ba ta da talakawa. Rawani ne, da buzun zama kusa da dagaci ranar salla, da gaisuwa. Amma tamu ce. Ni ne ɗan fari, don haka ranar sunana aka keta mini fuska, ƙannena kuwa aka yi musu 'yar tsagar nan ta kowa da kowa.

Na sha tsiya a kan fuskar nan. In na je kasuwar Toranke sayar da gero, Fulani masu shanu sai su tare ni.

"Kai bawana, wa ya ba ka izinin shigowa? Kaza ce ta yi tono a fuskarka?"

"Da na sani da na zo da igiya, in haɗa ka da maraƙinka," in ji ni.

Ban iya ko gaisuwa da Barbarci ba, amma na ɗauki sunan Babarbare ban taɓa ƙorafi ba. Mahaifina yakan ce in yi haƙuri, fuskar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Ya rasu shekarar da fari ya ƙone mana gero. Bayan sadakar arba'in, baffana, ƙanen mahaifina, ya tara dattawa a zaure. Ina zaune a gabansu ya ce zamani ya sake, Kacalla yanzu sai wanda zai iya tsayawa gaban hakimi ya karanta takarda. Ɗansa ya yi firamare a Gaya, yana da keke da agogo.

Na ce, "Baffa, tsagar fa?"

"Tsaga ai zane ne, ɗana. Ko ƙwarya ana yi mata."

Dattawan da suka ci goron sunana, suka ga jinina a tsumman wanzami, duk suka sunkuyar da kai suna jan carbi. Aka naɗa ɗan baffa.

Na koma gonata. In mun haɗu da shi ina gaishe shi, amma da sunansa na yanka.

Damina ta kewayo, matarsa ta haifi namiji. Ranar suna da hantsi aka aiko in zo. Na tarar da baffa da wanzami a zaure, an baje aska, jariri yana hannun wata gwaggonmu. Tsohon wanzamin da ya san tsagar ya mutu, wannan ɗansa ne, bai taɓa yin ta ba. Mahaifina yana kabari. A duk ƙasar Gaya fuskata kaɗai ta rage.

"Zauna nan wajen haske," in ji baffa. "Dubawa kawai zai yi."

Na zauna, don ban gane ba tukuna. Wanzami ya kama haɓata ya juya ta, yana bin layukan da ɗan yatsa kamar mai taya akuya. Sai na riƙe hannunsa.

"Baffa, ba kai ka ce zane ne ba? Ga ƙwarya can, ya duba."

Na ja bakin rawanina na rufe fuska har ido, na fita. Gwaggo tana kirana da sunan da take kirana ina yaro, ban waiwaya ba.

Wanzamin ya yi abin da ya iya tunawa. Layukan sun yi gajeru, na goshi ya karkace. Yaron ya girma, ba shi da laifi, kuma ina amsa gaisuwarsa. Amma abin da ke fuskarsa ba tsagar Kacalla ba ce, kuma baffa ya mutu yana sane da haka.